Grandola: Yadda Taku da Taro Suke Dawo da Waƙar da Aka Manta

Ranar Juma'a, 15 ga Fabrairu 2013, Firayim Ministan Fotugal, Pedro Passos Coelho, yana tsaye a zauren majalisar dokoki da ke birnin Lisbon yana amsa tambayoyin wakilai, sai muryoyi suka taso daga benen da 'yan kallo ke zama. Wasu mutane ƙalilan ne suka miƙe tsaye suna rera wata tsohuwar waƙa, a natse, babu ihu babu zagi. Shugabar majalisar, Assunção Esteves, ta yi ta kira a yi shiru, daga bisani ta ba da umarni a fitar da su. Firayim Ministan ya dakata da jawabinsa har suka fita, kuma da ya ci gaba sai ya amsa cewa a cikin hanyoyin da ake katse wa mutum hanzari, wannan ta fi kowace tsari.

Kwana 15 bayan haka, ranar 2 ga Maris, dubun dubatar mutane suka cika tituna a birane da dama na ƙasar, suka rufe zanga-zangarsu da wannan waƙa. Da yawa daga cikinsu ba a ma haife su ba lokacin da aka ɗauke ta a faifai.  Sunan waƙar Grândola, Vila Morena, kuma tarihinta yana amsa wata tambaya da ta shafi kowace al'umma mai waƙa: ina waƙa take zuwa idan aka daina rera ta, kuma me ke dawo da ita?

Garin leburori da faifan da babu kayan kiɗa

Grandola ƙaramin gari ne a yankin Alenteju, kimanin kilomita 100 kudu da Lisbon. A tsakiyar ƙarni na 20 yankin ƙasar manyan gandaye ce, inda iyalai kaɗan suka mallaki filaye, sauran jama'a kuwa 'yan ƙodago ne da ake ɗauka aikin yini a gonakin alkama da dazuzzukan itacen da ake yin murfin kwalba da ɓawonsa. Mulkin kama-karya ya kafu a ƙasar tun juyin mulkin 1926, António Salazar kuma ya riƙe ragamarsa daga 1932 zuwa 1968. Jam'iyyun adawa da yajin aiki duk haramtattu ne, kuma 'yan sandan ciki suna sa ido a kan kowa.

Mutanen Alenteju suna da salon waƙarsu na gargajiya, wanda ba a haɗa shi da kayan kiɗa. Mutum ɗaya ne ke buɗe baiti, wani mai siririyar murya ya karɓa, sannan jama'a su shigo gaba ɗaya. Sau da yawa masu rerawa suna saƙala hannuwa, suna rangaji dama da hagu, suna tafiya sannu a hankali. Duk wanda ya san tsarin jagora da 'yan amshi zai gane shi nan take. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan salo cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

A watan Mayu 1964 wata ƙungiyar ma'aikata ta garin Grandola, mai kula da kiɗa da karatu da wasan kwaikwayo, ta gayyaci José Afonso, malamin makaranta kuma mawaƙi da aka fi sani da Zeca Afonso. An haife shi a 1929, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Angola da Mozambik inda mahaifinsa ke aikin shari'a. Abin da ya gani a Grandola ya burge shi: leburori suna tafiyar da ƙungiyarsu da kansu, suna da ɗakin karatu, kowa yana da bakin magana. Bayan 'yan kwanaki ya rubuta musu waƙar godiya, wadda ke yabon garin a matsayin wurin zumunci da daidaito inda maganar talakawa ke da nauyi.

Sai a ƙarshen 1971 aka ɗauki waƙar, a wani ɗakin ɗaukar murya da ke tsohon gidan sarauta na Hérouville kusa da Paris, domin faifan Cantigas do Maio. Wanda ya tsara faifan, José Mário Branco, mawaƙi ne da ke gudun hijira a Faransa, kuma shi ya ba da shawarar a rera ta bisa salon Alenteju. Ba a sa garaya ko ganga ko wani abin busa ba. Maimakon haka, mawaƙan suka fita waje da dare, suka yi ta takawa a kan tsakuwar harabar gidan, aka ɗauki ƙarar takunsu. Wannan taku shi ne kiɗan waƙar daga farko har ƙarshe. Branco ya sha bayyana cewa abin da yake nufi shi ne takun leburori da suka taso daga gona a gajiye.

Ginin waƙar ya cancanci a dube shi, domin a nan sirrin ɗorewarta yake. Baitoci shida ne, kowanne 'yar huɗu, wato ɗango 24 ke nan, kowane ɗango da gaɓa bakwai bisa ƙidayar mawaƙan Fotugal. Amma ɗangogin da suka bambanta da juna 10 ne kacal. Jagora zai kawo baiti, sai baitin da ke biye ya fara da ɗangon da aka rufe da shi, ya komo da sauran ta baya. Saboda haka mutumin da bai taɓa jin waƙar ba, in ya saurari baiti na farko, ya riga ya san na biyu. Muryar ba ta hawa sama sosai, ba ta gudu, ba ta buƙatar gwaninta. Kayan kiɗanta kuwa kowa yana tafe da su, tunda ƙafafu ne.

Dare biyu a shekarar 1974

Shekara biyu da 'yan watanni bayan fitowar faifan, waƙar tana nan cikin waƙoƙin Afonso da ba su yi fice sosai ba. Shi kansa an kore shi daga aikin koyarwa, kuma a 1973 an tsare shi a kurkukun Caxias. Ƙasar tana fama da yaƙi a wurare uku na Afirka: Angola tun 1961, Gini-Bisau tun 1963, Mozambik tun 1964. Marcelo Caetano, wanda ya gaji Salazar, ya ƙi sauya hanya, ƙananan hafsoshin da ke kai da komo a fagen daga kuwa sun gaji.

Daren 29 ga Maris 1974 aka shirya taron mawaƙa a babban zauren Coliseu na Lisbon. Hukumar tace waƙoƙi ta bi jerin abin da za a rera ta soke da yawa, musamman na Afonso, amma ta bar Grandola, watakila don ta ɗauke ta yabon wani ƙauye ne kawai. Kimanin mutum 5,000 ne suka cika zauren, 'yan sanda suna kewaye da shi. Da aka zo rufe taro, mawaƙan suka jeru a kan dandamali suka saƙala hannuwa, jama'a ma suka yi haka, suna rangaji suna buga ƙafa a ƙasa, suka rera waƙar tare. Kalmomin da masu tacewa suka karanta a takarda ba su ga aibinsu ba, sai ga su sun zama wani abu daban a bakin mutum dubu biyar. A cikin taron akwai wasu daga hafsoshin da ke shirin kifar da gwamnati.

Hafsoshin suna neman alamar da za ta isa kowane bariki a lokaci guda ba tare da an yi waya ba, sai suka zaɓi waƙoƙi biyu a rediyo. Da ƙarfe 10:55 na daren 24 ga Afrilu wata tashar Lisbon ta sa waƙar soyayya ta Paulo de Carvalho, wadda ta wakilci ƙasar a gasar waƙoƙin Turai ta shekarar, alamar a kintsa ke nan. Alama ta biyu ana so ta kasance waƙar Afonso. Wadda aka fara tunani tana cikin waɗanda aka hana sawa, don haka aka koma ga Grandola. Da ƙarfe 12:20 na dare, a tashar Renascença ta cocin Katolika, wadda ake kamawa a duk faɗin ƙasar, aka karanta baitin farko, sannan aka ji takun ƙafa a kan tsakuwa. Sojoji suka fito. Kyaftin Salgueiro Maia ya taso da motoci masu sulke daga Santarém, kuma kafin faɗuwar rana Caetano ya miƙa wuya a barikin Carmo. An yi ta sanarwa a rediyo cewa jama'a su zauna a gida, amma suka fito suka cika tituna, suna cusa jan fure a bakin bindigogin sojoji. Mulkin shekara 48 ya faɗi a yini ɗaya, ko da yake 'yan sandan ciki sun harbe mutum huɗu a gaban hedikwatarsu.

Sakamakon wannan dare ya iso Afirka da sauri. Fotugal ta amince da 'yancin Gini-Bisau a Satumba 1974, Mozambik ta samu nata ranar 25 ga Yuni 1975, Angola kuma ranar 11 ga Nuwamba 1975, inda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsaya bayan MPLA. Yaƙin 'yan kishin Afirka ne ya gajiyar da sojojin, waƙar leburorin Alenteju kuma ta ba su alamar tashi.

Shekarun barci

Waƙa tana iya ɓacewa ta hanya biyu. Akwai wadda kalmominta da muryarta suke salwanta ɗungurungum, saboda mutum na ƙarshe da ya san ta ya rasu. Akwai kuma wadda kowa ya san da ita, tana nan a faifai da littattafan makaranta, amma ta rasa ranar amfaninta. Irin wannan mantuwa ta biyu ce ta sami Grandola.

Zafin juyin ya lafa a ƙarshen 1975, aka kafa tsarin mulki a 1976, ƙasar ta shiga ƙungiyar tattalin arzikin Turai a 1986. Aka shimfiɗa manyan hanyoyi, mutane suka bar gandaye suka koma birane, gidajen rediyo suka karkata ga wasu kaɗe-kaɗe. Afonso ya rasu a Setúbal ranar 23 ga Fabrairu 1987 bayan doguwar jinya, dubban mutane suka raka gawarsa suna rera waƙoƙinsa. Daga nan Grandola ta zama kayan biki: ana fito da ita ranar 25 ga Afrilu kowace shekara, kamar yadda ake fito da babbar riga ranar Salla, sannan a ninke a mayar akwati. Ga matashin da aka haifa a 1985, waƙa ce ta iyaye da malaman tarihi, da tsofaffin 'yan gurguzu.

Matsin tattalin arziki ne ya buɗe akwatin. A watan Mayu 2011 Fotugal ta karɓi bashin ceto na Yuro biliyan 78 daga gamayyar masu ba da lamuni uku da ake kira troika: Hukumar Tarayyar Turai, Babban Bankin Turai, da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Sharuɗɗan sanannu ne ga duk wanda ya ga zamanin SAP a Nijeriya: rage albashi da fansho, ƙarin haraji, sayar da kadarorin gwamnati. A farkon 2013 rashin aikin yi ya haura kashi 17 cikin ɗari, na matasa ya kai wajen kashi 40. Sama da mutum 100,000 suna barin ƙasar a shekara, wasu ma zuwa Angola neman aiki. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne ganin cewa ana yanke hukuncin rayuwarsu a wasu ofisoshi da ba su zaɓa ba. Waƙar da ke magana a kan ikon talakawa ta sake samun abin faɗa.

Bayan abin da ya faru a majalisa, sai al'amarin ya bazu. Duk inda minista ya je jawabi, sai wasu su miƙe su fara rerawa. Minista Miguel Relvas ya gamu da su a Vila Nova de Gaia, har ya yi ƙoƙarin bin su da rerawa, abin da ya zama abin dariya a ƙasar, kashegari kuma ɗalibai suka hana shi magana a wata jami'a a Lisbon. Harshen Fotugal ya samu sabuwar kalma daga sunan garin, mai nufin katse jawabin mai mulki da wannan waƙa. Dabarar tana da ƙarfi saboda ta ɗaure hannun hukuma. Mai ihu ana iya cewa ya tada hankali, amma yaya gwamnatin dimokuraɗiyya za ta hukunta wanda ya rera waƙar da ta haifi dimokuraɗiyyar?

Abin da kari ke yi wa ƙwaƙwalwa

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin dalilin da ya sa waƙa ke zama a kai fiye da zance. David Rubin na Jami'ar Duke, a littafin da ya wallafa a 1995 kan adabin baka, ya nuna cewa mai tuna waƙa ba ya ɗauko ta dunƙule kamar wanda ya buɗe littafi. Yana sake gina ta ne ɗango bayan ɗango, kuma kowane ɗango da ya fito yana kiran na gabansa. Kari yana faɗa masa yawan gaɓoɓin da ake buƙata, amsa-amo yana faɗa masa sautin da za a ƙare da shi, ma'ana tana faɗa masa abin da ake magana a kai. Idan aka haɗa waɗannan sharuɗɗa uku, kalmomin da za su dace da gurbin ba su da yawa, sai wadda ake nema ta faɗo da kanta. Shi ya sa mutum zai rantse ya manta waƙa, amma da an ba shi farkonta sai ya kai ta ƙarshe.

Saurin waƙa ma yana zama a jiki. A 1996 Daniel Levitin da Perry Cook suka sa mutanen da ba mawaƙa ba su rera waƙoƙin da suke so da ka, suka auna, suka tarar kashi 72 cikin ɗari na rerawar ba su kauce wa ainihin saurin faifan da fiye da kashi 8 cikin ɗari ba. Ma'ana, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suna ɗauke da agogo iri ɗaya na waƙa ɗaya, kuma in suka haɗu ba sa buƙatar mai ba da hannu.

A nan taro ke shigowa. A cikin mutum dubu, kaɗan ne suka riƙe waƙar gaba ɗaya. Wani ya san baitin farko, wani amshi kawai ya sani, wata kuma muryar ce ta rage mata babu kalmomi. Idan kowa yana ɗakinsa, waɗannan gutsattsari ba su da amfani. Idan aka haɗu, wanda ya sani yana shiga gaba da ɗan ƙiftawar ido, na kusa da shi ya ji farkon kalma ya cika sauran. Kuskuren mutum ɗaya yana nutsewa cikin muryoyin jama'a, don haka kunya ba ta hana kowa buɗe baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan ma sai sun ɗaga a lokaci ɗaya, kuma wannan shi ne aikin taku: shi ke sanar da kowa daidai lokacin da gaɓa ta gaba za ta faɗo. Masanin zamantakewa na Faransa Maurice Halbwachs ya faɗi tun 1925 cewa mutum yana tuna abubuwa ne da taimakon jama'ar da yake cikinta. Masanin tarihi William McNeill kuma, wanda ya yi faretin soja a Amurka a 1941, ya rubuta a 1995 cewa motsa jiki tare bisa kari ɗaya, a rawa ko fareti ko aikin gayya, yana sa mutane su ji sun zama abu guda.

Sauran tambaya ita ce yadda matasa suka san waƙar da ta girme su. An daɗe da sanin cewa waƙoƙin da mutum ya ji tsakanin balaga da farkon girma su suka fi manne masa. A 2013 Carol Krumhansl ta Jami'ar Cornell da abokin aikinta suka gano cewa ɗalibai suna da irin wannan shaƙuwa da waƙoƙin zamanin samartakar iyayensu, waɗanda suka ji a gida suna yara. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1974 ya kusa 60 a 2013, 'ya'yansa kuma su ne marasa aikin yi. Tsara biyu suka haɗu a titi ɗaya, ɗaya tana da kalmomi, ɗaya tana da murya da fushi.

Abin da ya dawo yakan sauya kama

Taro ba ma'aji ba ne mai mayar da ajiya yadda aka ba shi. Tun daga 1974 mutane da yawa suke jin takun da ke cikin faifan Grandola a matsayin macin sojoji, alhali an ɗauke shi fiye da shekara biyu kafin juyin, kuma gajiyar leburori ake nufi. A 1964 waƙar godiya ce, a 1974 alamar soja, a 2013 ƙorafi a kan masu ba da bashi.

Waƙar Italiya Bella Ciao ta fi nuna wannan. Duniya ta san ta a matsayin taken mayaƙan sunƙuru da suka yaƙi 'yan fasist daga 1943 zuwa 1945, amma masana tarihin ƙasar sun nuna cewa a lokacin yaƙin wata waƙa ce daban, Fischia il vento, ta fi yawo a bakin mayaƙan. Bella Ciao ta yi fice ne bayan yaƙi, ta hanyar tarukan matasa da bikin Spoleto na 1964, saboda ba ta jingina da jam'iyya ɗaya ba kuma tana da sauƙin tafi. Daga 2017 wani fim mai dogon zango na Sifaniya ya kai ta ga miliyoyin da ba su san tarihinta ba. Taro yakan zaɓi waƙar da ta fi dacewa da ƙafa da hannu, sannan ya ɗora mata tarihin da yake bukata. Kari kuwa ba ya tantance gaskiya da ƙarya, kuma hanyar da ke dawo da waƙar 'yanci ita ce ke iya dawo da waƙar gaba da ƙiyayya.

Ikon doka da ikon taro

Hukuma tana iya hana waƙa ko wajabta ta, amma ikonta a kan abin da jama'a ke tunawa kaɗan ne. A Istoniya, inda ake babban bikin waƙa tun 1869, Gustav Ernesaks ya sa wa wata waƙar kishin ƙasa ta Lydia Koidula sabuwar murya a 1944. Mahukuntan Tarayyar Sobiyet sun cire ta daga jerin waƙoƙin biki, amma a shekarun 1960 taron ya riƙa ɗaukar ta da kansa bayan an kammala shiri. A 1988 irin waɗannan taruka suka zama ginshiƙin yunƙurin da ya kai ƙasar ga 'yanci a Agusta 1991. Abin da ya raya waƙar shi ne filin taron da bai taɓa mutuwa ba.

Nijeriya ta ga ɗaya gefen. Ranar 29 ga Mayu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da taken ƙasa na 1960, wanda aka ajiye a 1978. Doka ta dawo da shi a rana ɗaya, amma mafi yawan 'yan ƙasa an haife su ne bayan 1978, ba su da wani gutsure nasa a ka da za a tayar. A wurinsu sabon karatu ne, kuma filin taron makaranta na kowace safiya ne zai dasa shi cikin shekaru, ta wannan hanya ta maimaici da haɗa murya.

A ƙasar Hausa akwai waƙoƙi da dama da ke fuskantar mantuwa ta rashin ranar amfani. Waƙar daka ta dogara da luguden taɓarya, waƙar niƙa da kai da komon hannu a kan dutse, waƙar noma da gangar gayya, waƙar gaɗa da tafin 'yan mata a dandali. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata wahala mai yawa, kuma babu mai fatan a koma baya, sai dai ya tafi da kiɗan da waƙar ke hawa. Duk da haka, a gidan biki, in wata ta fara tafi ta ɗauko ɗango ɗaya, akan ga matan da suka yi shekara talatin ba su rera ba suna karɓa, wannan ta cika abin da waccan ta manta. Ɗaukar irin waɗannan waƙoƙi a na'ura da rubuta su a kundin jami'a aiki ne da ya wajaba, domin ba don faifan 1971 ba da babu abin da za a sa a rediyo a 1974. Amma ajiya rabin aiki ce. Muddin akwai tsofaffin da ke riƙe da gutsattsarin, da wurin da za su haɗu da yara su tafa tare, waƙar tana iya tashi. In waɗannan biyu suka ƙare, abin da zai rage a faifai shaida ce kawai cewa an taɓa yin ta.

Mutanen Fotugal sun gwada wannan a cikin yanayi mafi wuya. A Afrilu 2020 annobar korona ta hana taro, aka soke jerin gwanon da aka saba yi a babban titin Avenida da Liberdade. Ƙungiyar tsofaffin hafsoshin juyin ta roƙi jama'a su fito tagogi da barandunsu da ƙarfe uku na rana, ranar 25 ga wata. Da lokaci ya yi, gidajen rediyo da talabijin suka sa faifan, maƙwabta suka rera daga bene zuwa bene, kowa yana jin na gefensa. Shekara huɗu bayan haka, a bikin cika shekara 50 da juyin, titin ya cika maƙil, kuma a cikin taron akwai Celeste Caeiro, matar da ta fara miƙa wa sojoji jan fure a 1974, tana da shekara 90.